Yadda Na Bi Littattafaina Tara Har Wagadugu

Abin da ya kai ni ƙasar Barkina Faso ba shi da yawa in aka ƙirga. Littattafan rubutu ne guda tara, irin na 'yan firamare masu shuɗin bango, waɗanda ko a hanya aka yar da su ba wanda zai sunkuya. Amma a cikinsu akwai damina tara ta ƙauyuka goma sha biyu, daga Babban Mutum har Kongolam, kuma kowane layi da hannuna na rubuta shi. Da dariya aka ɗauke su daga shagona, aka cire sunana, aka hau jirgi da su. Kwana goma za a yi taron da aka kai su. Ranar da na ji labari, biyu sun riga sun tafi.

Sunana Salisu, a kasuwar Daura kuwa Sale Mai-iri ake ce mini. Irin shuka nake sayarwa: gero, dawa, wake. Ban gaji sana'ar ba, da mudu ɗaya na fara. Mai sayar da iri in bai san ranar da ruwa zai sauka ba ya mutu, don haka na sa mutum a kowane ƙauye. Duk sanda aka yi ruwa sai ya shiga gona ya tona ƙasa da hannu. In danshi ya kai wuyan hannu, ruwan shuka ne, sai ya aiko mini da saƙo. Ni kuma in rubuta rana, da ƙauye, da zurfin danshin, in kuma rubuta idan mutanen ƙauyen sun dawo sayen iri karo na biyu saboda shukar farko ta ƙone. Ranar da ba kasuwa ma nakan rubuta, ko da rani ne. Na fara wannan a daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a. Lokacin kowa zuciyarsa na tafasa, ni ma na ce na daina lissafi da watan Bature. Da watan Musulunci nake rubuta kwanan wata, da lambobi kawai, ban ma sa shekara ba. A bangon kowane littafi nakan rubuta: Damina ta ɗaya, Damina ta biyu.

Wanda ya ɗauke su ɗan kawuna ne, Honarabul Kabiru, taubashina, shugaban wani kwamitin noma na gwamnati. Ya zo shago ya ce an gayyace shi wani horo a Wagadugu, inda masana za su koya wa masu tsara dokoki yadda ake aiki da hujjar bincike a kan canjin yanayi. An ce kowa ya zo da hujja daga yankinsa, tare da wanda ya tattara ta.

"Ɗan mace, ka ci sa'a," in ji shi. "Bawa zai hau jirgi albarkacin ubangidansa. Kawo littattafan a buga su, kai kuma je ka yi fasfo."

Na yi fasfo. Na ɗinka babbar riga. Ina zaune a shago da hantsi sai na ji muryarsa a rediyo, hirar da aka ɗauka kafin ya tashi. Yana cewa binciken kwamitinsa ya gano cewa ruwan shuka a ƙasar Daura ya ja baya da wata uku cikin shekara tara, daga Maris zuwa Yuni. Ya ce in ya dawo za a hana fitar da iri sai Yuli, don kada manoma su yi asara. Ya kuma gode wa babban mai binciken da zai raka shi. Ƙanin matarsa ne, wanda bai taɓa riƙe hauya ba.

Sai na fashe da dariya har maƙwabcina mai taki ya leƙo. Na gane abin da ya faru: sun ga lamba uku sun ce Maris. Ban gaya wa kowa ba. Na cire kalandar da ke rataye a bango, mai kwanan wata biyu, na naɗe na sa a aljihu.

A Birnin Ƙonni aka fara koya mini cewa wayon kasuwar Daura a Daura yake tsayawa. Wani ɗan kamasho mai farar hula ya tare ni a tasha da fara'a, har da tambayar mutanen gida.

"Alhaji, Yamai? Ga mota can, kai kaɗai ake jira. Gaba za ka zauna."

Na zauna gaba kuwa. Da muka isa Dogon Dutsi direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka, nan ne iyakarsa. Na nuna masa tikitin da ɗan kamashon ya ba ni. Ya juya ta ya ce, "Alhaji, wannan ai ta motar jiya ce." Mu bakwai aka yi wa haka. Sauran suka yi ta zage-zage. Ni ban zagi kowa ba, fushina yana da mai shi, ban so in ɓarar da shi a hanya. Kwana biyu na yi a garin kafin in sami mota mai wuri, ina cin garin kwaki da ƙuli a inuwar wani masallaci. Zafin ƙarshen bazara ne, irin wanda mutum ke jin takalminsa na manne wa kwalta.

A Yamai na shiga wata rumfar waya na kira gida, don layina ya mutu tun a iyaka. Matata Binta ce ta ɗauka.

"Maigida, an yi ruwa jiya wajen Ɓaure. Tun safe mutane ke buga ƙofar shago."

"Ya kai wuyan hannu?"

"Ni na sani? Ka dawo don Allah. Duk sun fara tafiya Mai'aduwa sayen iri. Littafi ne fa kawai."

"Ba littafi ba ne, Binta."

"To mene ne?"

Na ajiye waya. Na fito na tsaya bakin gadar kogin Kwara ina kallon gabas. Hadari ya haɗo can nesa, ta wajen gida. Tunda na fara sana'a ban taɓa barin shago a makon ruwan farko ba, ko ranar da aka haifi 'yata ta fari. Na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gidanmu a hancina alhali ƙura nake shaƙa. Na kusa juyawa. Sai na tuna yadda Kabiru ya ce "bawa", na je na yanki tikitin Wagadugu.

A iyakar Barkina jandarma ya karɓi fasfona ya duba, ya miƙo hannu yana neman wani abu. Ba na jin Faransanci. Wata mata a motar ta ce, "Katin allurar shawara yake tambaya." Ba ni da shi. Wanda ya ce in yi fasfo bai ce in yi allura ba, domin bai taɓa nufin in tafi ba. Aka sauke jakata, mota ta wuce.

Na zauna a gindin wata bishiya daga hantsi har la'asar. Wata tsohuwa mai sayar da kunu, 'yar ƙabilar Gurma ce, ba ma jin maganar juna. Ta dube ni ta dube ni, sai ta cika ƙwarya ta ajiye a gabana. Na ciro kuɗi ta ture hannuna. Daga baya ta tashi ta ja hannun rigata har wani ɗaki bayan ofishin, inda ma'aikacin lafiya yake. Ya yi mini allurar ya buga hatimi. Da na fito na sake neman in ba ta wani abu, ta nuna sama da yatsa ta koma kan kujerarta. Ban san sunanta ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

Wani direban babbar mota ɗan garin Tawa ne ya ɗauke ni, albasa ya ɗauko. Gaba ya cika, don haka a kan buhuna na hau, ni da jakata. Yini da rabi muka yi, da faci biyu. Kafin mu shiga Wagadugu babu abin da na mallaka da ba ya warin albasa, har sabuwar rigar da ke cikin leda.

Na isa ranar takwas ga taro. Otal ɗin babba ne, da masu gadi a ƙofa. Na faɗi sunan Honarabul, suka duba takarda, suka girgiza kai. Na faɗi nawa, suka sake girgiza kai. Yini guda na yi a tsallaken titi ina kallon motoci na shiga suna fita. Na hango ƙanin matar Kabiru ya fito sayen katin waya, da wata takarda rataye a wuya. Na juya baya. Ban so su san na zo ba tukuna.

A wajen na haɗu da wani mai kilishi, Bahaushe haifaffen can, Malam Idi, wanda ke kai wa ɗakin girkin otal ɗin nama. Da ya ji daga Daura nake ya riƙe hannuna ya ƙi saki, wai kakansa daga Zango ya fito. Ya sauke ni a gidansa. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari.

"Akwai wata daga cikin malaman da ke koyar da su, 'yar Damagaram ce, kullum sai ta sayi kilishina. Gobe ka riƙe mini tire."

Haka na shiga otal ɗin, ta ƙofar baya, da tiren kilishi a ka. Malamar, Dokta Hadiza, dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na gaishe ta, na ce ni ne mai littattafan Daura. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kai ne? Tun ranar farko nake tambayar Honarabul ina wanda ya rubuta. Malam, ni a Damagaram na girma. Ruwan shuka a Maris? Na gaya masa sau biyu akwai matsala, ya ce haka yake a rubuce. Mene ne ya faru?"

"Ranki ya daɗe, zan faɗa. Gobe, a gaban kowa."

"Ka faɗa mini yanzu in kira shi mu gyara. Ba mu tara mutanen nan don mu kunyata su ba."

"Ke ba ki tara su don haka ba. Ni don haka na zo."

Ta cire tabarau ta dube ni sosai.

"In ka yi shiru, zai koma ya hana mutanenku iri har Yuli."

"Ba zan yi shiru ba. Amma kwana shida na yi a hanya, Hajiya. Ba zan sayar da abin nan a bayan ɗakin girki ba."

Ta mai da tabarau. Sannan ta ce, "Kwana tara muna gaya musu abu ɗaya: kafin ka gina doka a kan takarda, nemi wanda ya tattara, ka tambaye shi yadda ya yi. Suna rubutawa suna hamma. Zan ba ka tambaya uku. Ba zagi."

"Ba na zagi," na ce.

Ranar ƙarshe kowa ya fito ya nuna hujjarsa da dokar da zai gina a kanta. Na zauna a kujerar baya cikin rigata mai warin albasa, na kusa da ni suna ta matsawa. Kabiru ya hau da farar shadda, ya yi Turanci mai daɗi. A bango aka haska wani layi da ke hawa sama kamar tsani. Littattafaina tara suna jere a tebur gabansa, don a ga asali. Aka tafa masa sosai. Dokta Hadiza ta ce akwai tambaya daga baya, ita za ta fassara.

Na miƙe. Ya gan ni. Amma ɗan siyasa ne, nan take ya yi murmushi.

"A'a, ɗan mace! Da ƙafa ka zo? Ina ta jin warin miya ashe kai ne."

"Ranka ya daɗe, a kan albasa na zo. Tambayata ta farko: wa ya rubuta littattafan nan?"

"Ma'aikatanmu na karkara, da taimakon irinku."

"Madalla. Ta biyu: gonar Kawu, mahaifinka, Allah ya jiƙansa, a Babban Mutum take. Ka taɓa ganin ya yi shuka a watan Maris?"

"Ai shi ne canjin yanayin da muke magana. Da ana yi, yanzu ba a yi."

"To. Ta uku: buɗe littafin farko, ka nemo sha biyu ga watan uku, ka karanta wa jama'a abin da ma'aikatanku suka rubuta."

Ya buɗe yana murmushi. Ya karanta da ƙarfi: "Ba kasuwa, Mauludi."

"Buɗe na biyu, rana ɗaya."

"Ba kasuwa... Mauludi."

"Har na tara haka za ka gani. Ranka ya daɗe, tun yaushe Mauludi ya tsaya a watan Maris shekara tara a jere?"

Dokta ba ta gama fassarawa ba wani dattijo daga Mali ya buga tebur ya kwashe da dariya. Sai na Sanagal suka ɗauka. Waɗanda ba Musulmi ba suna ta waige-waige, har Dokta ta bayyana musu cewa shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, don haka ko ruwa bai motsa ba, a littafina zai yi ta gaba kowace shekara. Dariya ta zagaye ɗakin karo na biyu. Na taka har gaba, na ciro kalandar shagona na shimfiɗa a kan takardunsa. Na tattara littattafaina ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga su a gabansa, na sa a hammata. Ƙanin matarsa ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa.

Ba zan yi ƙarya ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Dokta Hadiza ta tsayar da dariyar. Ta ce kada kowa ya ɗauka ya fi Honarabul, domin cikinsu babu wanda ya zo da mai tattara hujjarsa. Ta sa aka kawo kujera gaba aka zaunar da ni, ta ce su yi mini tambayoyin da aka koya musu. Suka tambayi yadda ake tona ƙasa, da hannun wa ake aunawa, da abin da nake yi in wakilina ya yi tafiya. Wata 'yar majalisa ta tambaya ko hannun kowa tsawonsa ɗaya ne. Na ce a'a, kuma gaskiyarta, ban taɓa tunanin haka ba. Bayan azahar muka zauna da Dokta muka mai da kowace rana zuwa watan Bature. Tsanin nan ya rushe. Ranar ruwan farko tana yawo ne kawai, bana gaba, baɗi baya. Amma Dokta ta sa yatsa a layin ƙarshe na kowane shafi.

"Wannan fa, da kake rubuta 'sun dawo'?"

"Waɗanda shukarsu ta ƙone suka dawo sayen iri."

"Duba littattafan farko, ka duba na ƙarshe."

Na duba. Abin da na daɗe ina ji a cinikina ban taɓa kallonsa a jere ba: a 'yan shekarun baya ƙauyukan da ke dawowa sun fi yawa. Ruwa na sauka, a yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa. Ta ce shekara tara ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an haɗa da ma'aunin ruwa na hukuma, amma in za a yi doka, a nan ya kamata a duba.

Kabiru ya same ni a bakin ƙofa da yamma. Ba murmushi.

"Salisu, ka tozarta ni a gaban ƙasashe."

"Na sani."

"Da ka kira ni gefe."

"Da ka kira ni filin jirgi."

"Jini ɗaya muke fa."

"Shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba."

Ya koma a jirgi, na koma a mota.

Ga lissafin. Na rasa cinikin ruwan farko gaba ɗaya, rabin irin wake ya kwana a shago har ƙwari suka shiga. Wasu tsofaffin abokan cinikina sun saba da wani a Mai'aduwa, ba su dawo ba. Labari ya riga ni isa gida, kuma Inna, mahaifiyata, ta ce na ci mutuncin ɗan ƙaninta a bainar jama'a. Wata huɗu tana mai da abincin da Binta ke aika mata. Wasan taubasantaka tsakanina da Kabiru ya mutu. In mun haɗu a jana'iza sai mu yi musabaha kamar baƙi.

Dokar hana iri sai Yuli ba a sake jin ta ba. A maimakonta, bayan shekara biyu, kwamitinsa ya fito da tsarin ajiye iri a rumbun gwamnati don raba wa waɗanda shukarsu ta farko ta ƙone. A rediyo ya ce bincikensa ne ya nuna haka. Shawara ce mai kyau, manoma sun amfana. Ni kuwa cinikin "sun dawo" shi ne inda ribata ta fi kauri, kuma da hannuna na nuna musu shi. An ce yanzu duk takardar da aka kai teburinsa sai ya tambaya wa ya rubuta, da wane wata.

Abin da na samu: littattafaina tara suna cikin akwati, na ƙara wasu a kansu, yanzu da kwanan wata biyu nake rubutawa, kuma na yanka wa wakilaina sanda mai tsawo ɗaya. Sai fuskar Kabiru lokacin da ya karanta "Mauludi" karo na biyu, wadda nake ɗaukowa in duba duk ranar da kasuwa ta yi sanyi.

Binta ta ce asara na yi. In buhu ake ƙirgawa, gaskiyarta. Amma ban yafe ba, kuma ban yi nadama ba. Duk ranar ɗaya ga Muharram nakan sayi sabuwar kalanda mai kwanan wata biyu, in sa a ambulan, in aika ofishinsa. Bai taɓa amsawa ba. Bai kuma taɓa maido da ita ba.